Likita, wane ciwon ido ne ba ya jiran gobe?

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ni mai walda ne a Funtuwa, shekarata 19 a sana'ar, yara shida ne a hannuna. Mu ciwon ido ba baƙonmu ba ne. In ka yini kana kallon wutar walda ba gilashi, da rana lafiya lau, sai tsakar dare ka farka kamar an watsa maka yashi, hawaye na zuba. Kwana ɗaya ko biyu ya wuce. To, sabawar da muka yi da shi ce ta cuce ni.

Wata biyu ke nan, ɗan ƙanwata mai shekara 16 yana dukan ƙarfe da guduma, sai ya dafe ido ya ce, "Kawu, wani abu ya faɗa min." Na buɗe idon na hura masa, ban ga komai ba sai ɗan ja a gefe. Ba jini, ba kumburi, har ya koma aiki. Na aika kemis aka sayo maganin ɗigawa. Kakarsa ta ce a ɗiga masa nonon mai shayarwa, na hana.

A rana ta uku na tsayar da shi a hasken rana na duba da kyau. Ɗan baƙin nan na tsakiyar ido ba a zagaye yake ba, ya ja gefe kamar ɗigon ruwa. Na rufe masa mai lafiyar, na ɗaga yatsu uku, ya kasa ƙirgawa. Jikina ya mutu. Muka kama hanyar Kaduna, Cibiyar Ido ta Ƙasa. Hoto ya nuna ɓarɓashin ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba ya huda ya shige ciki. An yi masa aiki, amma yanzu haske da inuwa kawai yake gani da idon. Uwarsa amana ta ba ni shi, har yau ba na iya haɗa ido da ita.

Likita, don Allah ka fayyace min. Wace alama zan gani in rufe shago nan take mu nufi asibiti, ko da yaro ya ce ba ya jin zafi? Hurawar da na yi da murzawar da ya yi ta yi, sun ƙara ɓarna? Kafin mu isa, na ji an ce a kifa kofi a kan idon kada a danna shi, haka ne?

Sannan maƙwabcina mai cajin batir ne, yarana suna shiga wurinsa. In ruwan batir ya fantsama a ido, an ce a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20 kafin a tafi. Ruwan leda zai yi, tunda shi muke da shi a shago?

Sauran yaran biyar gobe ma guduma za su riƙe. Na saya musu gilashi, amma da na juya baya sai su cire, wai zufa.

Allah Ya saka da alheri.

Naka,
Mai walda daga Funtuwa