Wasiƙa zuwa ga ɗana Habibu a Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya da iyali. Na ji ka amince ka sauki ɗan ƙanwar mahaifiyarka da matarsa da 'ya'yansu uku da za su taso daga Ƙonni ta Nijar. Allah ya yi maka albarka. Amma saukar baƙo yana da tsari, kuma in ka saki tsarin, alherin da kansa zai iya raba zumunci.

Fara da takardu tun kafin su hau mota. Kowa ya riƙe shaidar tafiya da katin rigakafin shawara, kuma a tabbata an buga musu hatimi a Paga, iyakar shiga Ghana, kada direba ya ce a wuce haka nan don saurin hanya. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 kawai ta ba baƙo. Kafin su cika, ka raka shi ofishin shige da fice neman izinin zama, a kuma yi masa katin shaidar baƙi. Kar ka bi ta hannun ɗan kamasho da zai ce zai samo masa katin ɗan ƙasa. Ranar da asiri ya tonu, har kai za a kama. Tsofaffin zango ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako 2 ya bar ƙasa. Mutane sun sayar da gidaje a wulaƙance.

Sai ɗaki. Dokar haya ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata 6 gaba, amma masu gida sukan nemi na shekara 1 ko 2, kuma nan ne jarin baƙo yake narkewa. Ka ajiye su wurinka wata 3, ka faɗi wa'adin tun ranar farko, a gaban matarka da tasa. Idan za a kama ɗaki, ka je da kanka bayan an yi ruwan sama, ka dubi bango da kwata, domin Aboabo tana da wuraren da ruwa ke shiga. A karɓi rasit, a rubuta yadda ake raba kuɗin wuta da ruwa.

Kar ka damƙa masa tsabar kuɗi da sunan jari. Doka ma ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, shi ya sa lokaci lokaci ake rufe shagunan baƙi. Takardunsa su fara kammala, sannan ka sa shi aikin sauke albasa da tsince ta a wurinka, ka biya shi ladansa cif kamar bare, kowace Juma'a. Ka nuna masa cewa iskar Kumasi ba ta Ƙonni ba ce. A can rana ke tsare albasa. A nan danshi ke cinye ta. Buhu ba ya kwana a ƙasa, sai a kan katako, da tazarar da iska za ta ratsa. Duk kwana 2 ko 3 a zazzage, a danna wuyan kowace, mai laushi a fitar a sayar da ita ranar ko da araha. Abin da ka ranta masa kuwa, a rubuta a gaban shaidu 2, kamar yadda Alƙur'ani ya umarta.

Matarsa ita ce za ta fi shan wuya, don ba ta jin Tonanci, yaren mutanen Kumasi, kuma ba ta san kowa ba. Matarka ta shigar da ita adashin unguwa, ta zaga da ita kasuwar Kejetia, ta koya mata gaisuwa da ƙidayar sidi. Yara su sami gidan sauro daren farko, a sa su makarantar boko da Islamiyya kafin wata ya ƙare. Ka gargaɗe su duka: ko wa ya kira a waya, kar a ba shi lambar sirrin asusun kuɗi.

Kuma kar ka taɓa yi masa gori, ko da wasa, balle a gaban 'ya'yansa. Ka kai shi ya gai da limami da Sarkin Zango a makon farko. Mahaifiyarka ta aiko da kuka da daddawa ta hannunsu. Rabi na gidanka ne.

Mahaifinka.