Barka da Sallah daga Jidda, da Bayanin Tafiyar da Muke Shiryawa

Jidda, 1 ga Shawwal

Zuwa ga Baba da Umma, da Yaya, da sauran 'yan'uwa na gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da shan ruwa da barka da Sallah, tare da roƙon Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya maimaita mana na baɗi da na baɗin baɗaɗa cikin lafiya da rufin asiri. Mun sallaci Idi jim kaɗan bayan fitowar rana, kamar yadda aka saba a nan, kuma maiɗakina da yara duk suna lafiya, suna miƙo gaisuwarsu.

Yaya ya shaida mini cewa tun da yara suka faɗa wa Umma a waya wai za mu je mu kwana a daji, hankalinta bai kwanta ba. Saboda haka na ga ya dace in zauna in rubuto muku bayanin tafiyar dalla-dalla, domin wayar ranar Sallah, da hayaniyar masu shigowa gaisuwa, ba ta barin mutum ya faɗi magana mai tsawo. Abin da muka ƙudurta shi ne mu haɗa hutun Sallah da wani ɓangare na hutuna na shekara, mu bi gaɓar Bahar Maliya da mota zuwa kudu, sa'an nan mu hau tsaunukan Sarawat, muna yada zango a wuraren da hukuma ta keɓe domin haka, muna ɗan taka ƙasa a hanyoyi masu sauƙi. Ba mu kaɗai ba ne. Motoci biyu za mu yi da iyalin wani abokin aikina, Bahaushe haifaffen Makka, wanda kakanninsa suka zo aikin Hajji ta ƙasa, ta hanyar Sudan, suka zauna. Ya san hanyar, yana jin harshen mutanen wurin, kuma shi zai shige gaba.

Babban dalilina kuwa ku ne. Ina da burin idan Allah ya kawo ku Umra, kada ziyararku ta tsaya a kan masauki da Harami da kasuwa kawai, alhali ƙasar nan tana da wuraren da ganinsu ke sa mutum tasbihi ba tare da ya shirya ba. Amma ba zan ɗauki Baba da ciwon gwiwarsa, ko Umma da hawan jininta, in kai su hanyar da ban taka da ƙafata ba. Don haka duk inda muka tsaya, ma'aunina ɗaya ne: shin Baba zai iya kaiwa nan da sandarsa, ya zauna ya huta, ya dawo mota ba tare da ya kwana yana jinyar ƙafa ba? Wurin da ya gaza wannan ma'auni zan cire shi daga lissafi, kome kyansa.

Zangonmu na farko Shu'aiba ne, a bakin teku kudu da Jidda, tafiyar da ba ta da nisa. Na zaɓe shi da gangan, domin idan akwai abin da muka manta, ko tanti ya ƙi kafuwa, gida na kusa. Bayan haka wurin yana da tarihin da nake so mai sunan Baba ya ji yana tsaye a kansa: nan ce tashar jiragen ruwa ta mutanen Makka kafin Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, ya mai da ita Jidda a shekara ta 26 bayan Hijira, kuma daga nan ne sahabban da suka yi hijirar farko zuwa Habasha suka shiga jirgi a shekara ta biyar da aiko Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. Yaron ya karanta wannan a Islamiyya, amma karatu daban, tsayawa a gaɓar da suka tsaya daban. Tattakin wannan zango shi ne bin bakin ruwa da sassafe ko bayan La'asar, a kan rairayi shimfiɗaɗɗe wanda babu hawa babu gangara. Sharaɗin da na kafa wa yara shi ne babu mai shiga ruwa ba takalmi, domin murjani da wasu halittu masu ƙaya suna yanka ƙafa, kuma babu wanka sai a inda jami'an tsaron gaɓa suka yarda.

Daga nan za mu ci gaba ta babbar hanyar gaɓa, mu wuce kusa da miƙatin Yalamlam, mu kai garin Lis, mai nisan kimanin kilomita 200 daga Jidda, inda za mu sha mai, mu sayi kifi ɗanye daga masunta da ƙanƙarar da za mu zuba a kula. Wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ke tsakanin teku da duwatsu ita ake kira Tihama, kuma abokin tafiyata ya ce idan Baba ya gan ta zai ɗauka yana kan hanyar gona a gida, domin dawa da gero da riɗi suke nomawa, ga awaki ga raƙuma. Sai dai zafinta ba na wasa ba ne, ga gumi mai nauyi, shi ya sa ba za mu daɗe a ƙasa ba. Da farko na yi sha'awar mu zarce har Jazan mu shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Farasan, amma da na auna nisan da ƙarfin yara sai na janye, domin tafiyar da za a kwashe yini guda ana zaune a mota ta daina zama hutu.

A Muzailif za mu bar teku mu juya gabas zuwa Makhwa, a gindin tsaunuka, kuma a nan kusa ne wurin da na fi ɗokin gani yake, wato ƙauyen Zi Ain. Tsohon ƙauye ne da aka gina da dutse zalla, gidaje bisa gidaje, a kan wani farin dutse da ake hangowa tun daga nesa, kuma a ƙarƙashinsa akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa, wanda ke shayar da lambunan ayaba da lemo da dabino. Hawa cikin ƙauyen matakala ne na dutse masu tsayi, waɗanda na tabbata ba na Baba ba ne, amma hanyar da ke bin magudanar ruwa a cikin inuwar lambu gajera ce kuma a miƙe take. Zan duba da idona ko akwai wurin zama a tsakaninta, da kuma iya inda mota ke kaiwa.

Hawan da ke tsakanin Zi Ain da birnin Baha shi ne ɓangaren da na fi yi wa tanadi. Hanya ce mai kwalta mai kyau, amma tana murɗewa a jikin dutse, tana ratsa gadoji da ramukan da aka huda ta cikin tsauni, har ta kai mutum wurin da tsayinsa ya haura mita 2,000 cikin ɗan lokaci. Na kai motar wurin makaniki tun kafin goman ƙarshe, an sauya takalman birki da baƙin mai, an duba ruwan lagireto da tayoyi har da safaya. Ƙa'idarmu ita ce ba ma hawa ko sauka da dare, ba ma shiga hanya idan hazo ya rufe ta, kuma a gangara ana riƙe mota da ƙaramar giya maimakon a danne birki har ya yi zafi ya saki. Hazon can yana iya sauka cikin mintuna kaɗan har direba ya kasa ganin motar da ke gabansa, kuma maganinsa a samu wuri mai faɗi a tsaya a jira.

Abin da zai ba Umma mamaki shi ne yawan barguna da rigunan sanyi da maiɗakina ta ɗaure, a ƙasar da kowa ya sani da rana. Dalili kuwa iska tana yin sanyi da kusan digiri 6 a duk hawan mita 1,000, don haka wanda ya kwana yana fifita a Lis zai iya wayar gari yana karkarwa a Baha. A dajin Ragadan da ke gefen birnin, inda wasu itatuwan tsauni da ake kira ar'ar suka lulluɓe tudu, akwai hanyoyin ƙafa da aka shimfiɗa, da wuraren zama masu kallon kwarin Tihama, da masallaci da bayan gida a kusa, kuma irin wannan wuri nake nema muku. Matsalarsa ɗaya birai, waɗanda suka saba da mutane har ba sa tsoro, suna iya fizge leda daga hannun yaro. Na gargaɗi yara cewa ba a ba su abinci, ba a tsokanarsu, kuma kayan ci a cikin mota suke kwana da gilashi a rufe.

Game da wurin kafa tanti, akwai abin da ba zan sassauta a kansa ba. Wannan lokaci ne da ake samun ruwan sama a tsaunukan kudu, kuma kwarin da mutum ya gani busasshe, mai laushin yashi da inuwa, shi ne mafi haɗari, domin ruwa yana iya sauka a kan dutse can nesa, inda ba a ko ganin hadarin, sai ambaliya ta gangaro da duwatsu da itatuwa ba sallama. A kan tudu za mu riƙa kwana, kusa da sauran iyalai, kuma kowace safiya sai na duba sanarwar hukumar hasashen yanayi a waya kafin mu ɗaga. Idan aka yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi, za mu naɗe tanti mu kama ɗakin haya a gari, na kuma ware kuɗin hakan daban. Girki a kan ƙaramin murhun gas za a yi, domin doka ta hana saran itacen daji ko hura wuta a inda ba a keɓe ba, kuma tararta tana da nauyi. Ni ina ganin dokar ta yi daidai, domin itacen ar'ar yana daɗewa ƙwarai kafin ya girma, kuma da kowane mai yawon hutu zai karya reshe guda da tuni tudun ya zama fako.

Daga Baha hanya tana bin ƙololuwar tsaunuka zuwa kudu, ta Baljurashi da Namas da Tanuma, har Abha, babban birnin yankin Asir, wanda ke kan tsayin kimanin mita 2,200. Kusa da shi ne dutsen Suda yake, mai kimanin mita 3,000, yana cikin mafi tsayi a ƙasar. A irin wannan tsayi numfashi yana yin gajarta ko ga mai lafiya, saboda haka tattakinmu a can ba zai wuce ɗan zagaye a fili ba, kuma zan lura da yadda jikina ya karɓe shi kafin in yi tunanin kawo Umma. Ƙasa da Suda, ta yamma, akwai Rijal Alma, garin dogayen benaye na dutse da aka ƙawata da farin ƙanƙaran dutse a jikin bango, inda mutanen garin da kansu suka tara kayan kakanninsu suka buɗe gidan tarihi a 1985. Maiɗakina ta matsu ta ga zanen bango mai launuka da matan Asir ke yi a cikin ɗakunansu, wanda ake kira Al-Ƙaɗɗ, hukumar UNESCO ma ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2017. Gangarar da ke sauka can daga Suda tana da tsanani, kuma mun yi shawara cewa idan abokin tafiyata ya ga yanayi bai yi ba, za a bar shi sai wani jiƙon.

Ta fannin ibada babu abin da zai tauye. Za mu yi ƙasaru a hanya tun da nisan ya wuce na ƙa'ida nesa ba kusa ba, mun tanadi jarkoki na alwala daban da na sha, azumin Sitta Shawwal kuma sai mun dawo, tun da watan yana da sarari. Takardunmu na iƙama, wato izinin zama a ƙasar, da na mota duk suna kan ƙa'ida, akwai akwatin magani da tocila da batirin cajin waya, kuma kowace yamma zan turo wa Yaya sunan wurin da muka sauka. Idan kuka ji shiru na wasu sa'o'i, kada Umma ta tayar da hankalinta, domin sabis yana ɗaukewa a tsakanin duwatsu.

Dawowa za mu biyo ta saman tsaunuka zuwa Ɗa'ifa, mu yi sallah a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, sa'an nan mu ɗaura harami a miƙatin Ƙarnul Manazil mu shiga Makka da Umra, inda za mu yi muku addu'a da sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Zumar magarya da Baba ya daɗe yana ambata zan nema a Baha wurin masu kiwon zuma, in ba wa amintaccen mai tahowa gida.

Ina roƙon Yaya ya taimaka da abu biyu bayan an gama hidimar Sallah: ya duba ranar ƙarewar fasfo ɗin Baba da na Umma, kuma idan ya kai Umma ganin likita ya tambaya ko hawan jininta zai jure kwana a wuri mai tsayin mita 2,000 zuwa sama, ya rubuto mini abin da aka ce. Goron Sallar yara na turo ta hannunsa, a raba har da na gidan Kawu da na Gwaggo. Baba da Umma, ina neman izininku da albarkarku a kan wannan tafiya, kuma idan akwai abin da bai kwanta muku ba a cikin abin da na zayyana, ku faɗa mini kafin mu tashi, zan gyara.

A gaishe da Liman da maƙwabta da duk wanda ya tambaye mu.

Wassalamu alaikum,
Ɗanku da ke Jidda