An bar jaki ana dukan taiki

Assalamu alaikum Edita,

Na saurari shirinku na daren Laraba, kuma wallahi raina ya ɓaci. Baƙon nan naku sai zuba wa tsarin Ingila yabo yake yi: sufeto ya zo, ya ce makaranta ta gaza, gwamnati ta karɓe ta daga hannun masu ita ta miƙa wa wasu. Wai shi ke nan an gyara ilimi! Mai gabatarwa kuwa ko uffan bai ce ba.

Shekara 27 na yi alli na hannuna, na san ranar zuwan sufeto ciki da bai. A daren jajibiri ake cike rajista da tsarin darasin wata uku, yaran da ba su iya haɗa baƙi ba a tura su kujerun baya. Duk da haka wata shekara rahoto ya fito cewa makarantarmu ta gaza. Hedimastanmu, bawan Allah da ya gaji da rubuta takardar neman malamin lissafi, shi aka ɗauke. Ina tsaye a bakin ofis yana kwashe littattafansa cikin kwali, ya kasa haɗa ido da kowa. Aka kawo sabo da kwamitin sa ido, aka ƙara mana fom-fom na cikewa duk mako. Malamin lissafi? Har na yi ritaya bai zo ba. Ni da na karanta tarihi ni na riƙa koyar da lissafin, Allah ya yafe mini abin da na yi wa yaran nan.

Kuma Ingilar da baƙon naku yake tinƙaho da ita, me ya hana shi faɗin sauran labarin? Hukumar Ofsted mai duba makarantun Ingila tana nan tun 1992, kuma dokar 2016 ta wajabta ƙwace makarantar da aka ce ta gaza daga hannun ƙaramar hukuma, wannan gaskiya ne. To amma a Janairun 2023 Ruth Perry, shugabar wata firamare a garin Reading, ta kashe kanta bayan sufetoci sun sauko da makarantarta daga matakin ƙoli zuwa na ƙasa. Binciken mutuwarta ya tabbatar da cewa ziyarar nan na cikin dalilai. A Satumban 2024 gwamnatinsu da kanta ta soke yanke wa makaranta hukunci da kalma ɗaya. Su sun ja da baya, shi kuma yana tallata mana.

Ban ce kada a duba makarantu ba. Amma ziyarar kwana biyu ta isa a tsige mutum, ba ta isa a turo malami ɗaya ba?

Sannan don Allah ku daina katse masu kiran waya. Malamar nan da ta fara bayanin yawan yara a ajinta, tana tsakiyar magana kuka sa talla. Ku nemo ta ta ƙarasa.

Naku,
Tsohon malamin makaranta