Daga mai ɗingishi, bayan dogon shiru

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Na san ni ne mai laifi, ba sai ka faɗa ba. Saƙonka ya yi wata huɗu cur a wayata, kullum ina cewa gobe. Kai ma dai ba wani gwanin zumunci ba ne, don haka mu yafi juna kawai.

Abin da ya tayar da ni rubutu yau shi ne, jiya na doke dogon nan a wasan tanis. E, shi fa. 6-4, 7-5, a gaban shaidu. Shekara uku yana wana ni a fili, daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai ga shi jiya ya tsaya yana duban igiyoyin raket ɗinsa kamar su ne suka ci amanarsa. Amma kafin in ɗanɗani wannan daɗin sai da na yi sati shida ina ɗingishi, kuma labarin da ban ba ka ba ke nan.

Ka tuna takalmin gudun nan nawa mai ruwan toka, wanda kake cewa kamar na ɗaura katifa a ƙafa? Da shi nake shiga fili tun ranar da na fara tanis. A tunanina takalmin wasa duk ɗaya ne, in dai yana da igiya da soso. Wata Asabar na bi wata ƙwallo can gefen hagu, na ci birki zan juyo. Ƙasan takalmin ya kama siminti ya tsaya, ƙafata kuwa ta ci gaba da tafiya a cikinsa, ta gangaro ta gefe. Kafin in isa gida idon sawun ya yi suntum. Likita ya ce targaɗe ne, ba karaya, Allah ya taƙaita. Ya sa ni ɗora ƙanƙara, da naɗa bandeji, da jingine ƙafa a kan matashi kamar wani basarake. Da ya tambayi irin takalmin da nake wasa da shi na gaya masa, bai ce komai ba, ya dai kalle ni ta saman gilashinsa. Wannan kallon ya fi targaɗen ciwo.

Zaman jinyar nan ne ya mayar da ni malamin takalmi, har uwargida ta ce in na sake ambaton diddige a gidan nan za ta bar mini ɗakin. Ashe takalmin gudu don tafiya gaba kawai aka yi shi. Sosonsa kauri ne da laushi, ya ɗaga ka sama da ƙasa, samansa kuma raga ce sakayau don iska ta shiga. Tanis kuwa rabinsa gudun kaguwa ne. Faɗin filin mita 8.23 ne in mutum ɗaya da ɗaya, 10.97 in bibbiyu ake yi, kuma a cikin wannan ɗan faɗin kake ta tsayawa kwatsam, ka juya, ka sake tsayawa. Shi ya sa na tanis yake kusa da ƙasa, tafinsa ya ɗan baje ta wajen ƙaramin yatsa, gefensa da tauri, kuma a tsakiya ƙarƙashin kwarin ƙafa akwai wata roba mai ƙarfi da ke hana shi murɗewa. In kana so ka gane, ka kama shi baki da gindi ka murɗa kamar mai matse wanki. Tsohon nawa har ninkewa yake yi. Sabon ko gezau.

Ranar da na gwada sabon kuwa, wallahi na kusa ajiye shi. Ji na yi kamar na zura ƙafa a akwati. Na yi ta tuna laushin tsohon, na manta cewa laushin nan ne ya kayar da ni. Sai da na yi wasa uku ko huɗu da shi sannan ya saki jiki, na fara gane cewa daɗin takalmi a fili daban yake da daɗinsa a gaban madubi. A fili, daɗi shi ne ka yi awa biyu ba ka tuna da ƙafarka ba ko sau ɗaya.

Wannan karon ban yi garaje ba. Da yamma na je gwaji, don ƙafa takan ɗan kumbura in ta wuni a tsaye, kuma na tafi da safar da nake wasa da ita. Na bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsuna da bakin takalmin. Ka tuna farcena da ya yi baƙi bara har ya fita, kuka ce tuntuɓe na yi ina ɓoyewa? Ba tuntuɓe ba ne, yatsan ne ke dukan bakin takalmi duk lokacin da na ci birki. Wannan ɗan ramin igiya na ƙarshe a can sama, wanda duk muke tsallakewa, ashe aikinsa ke nan: in ka zura igiya ta ciki ka ɗaure, diddige ba ya zamewa, ƙafa ba ta sulalewa gaba. Tun da na koyi haka ban sake yin bororo ba.

Kai kuwa da wannan ƙafa taka mai kama da faranti, kada ka ce za ka sayi lamba mafi girma don ka sami faɗi. Tsawo zai yi maka yawa, ka riƙa iyo a ciki. Akwai masu yin na masu faɗin ƙafa musamman, New Balance suna yi, za ka ga an rubuta 2E a jikin kwalin. Wannan in har tumbin ya bar ka ka sunkuya ka ɗaura igiya ke nan.

Af, mutuminka mai gemu ya daina zuwa. Wai gwiwa. Mu dai mun san tun ranar da yarinyar nan ’yar makaranta ta lallasa shi gwiwar ta fara ciwo. Kafin nan da wani farin takalmi samfurin Stan Smith yake zuwa, fes, yana takama wai takalmin zakaru ne. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, don mai sunan ya ci gasar Wimbledon a 1972, kuma kafin a sa masa sunansa, sunan wani ɗan Faransa Robert Haillet takalmin ke ɗauke da shi. Amma wancan zamani ne na raket ɗin katako. Yanzu takalmin yawo ne. Na gaya masa, ya ce hassada nake yi. Shi a wurinsa tanis ado ne, har labarin zakaran tanis Federer yake ba mu, da aka ce ya canza takalmi a Wimbledon ta 2013 saboda ƙasansa ruwan lemo ne alhali dokarsu fari ce. Wannan kaɗai ya sani a tarihin wasan.

Ina muka tsaya? Maganar ƙarko. Filin siminti ci yake yi. Fentin da ake shafa masa da yashi a ciki, don haka duk takun da ka yi kamar ka goga takalmin a dutsen wasa wuƙa ne. Ni na dama ne ke fara mutuwa, daidai kan babban yatsa, saboda jan ƙafar da nake yi wajen bugun sabis, wato bugun fara wasa. Na so in ɗauki marar nauyi irin na samari, amma na duba na ga ba gudun ne ya rage mini ba, tsayuwa ce. Sai na ɗauki mai nauyi, wajen giram 400 kowane wari, mai kauri a bakin yatsa. Irin su Barricade na Adidas da Gel-Resolution na Asics duk wannan ajin ne, har a wasu ƙasashe akan ba da garantin wata shida a kan tafinsu. Babolat kuma da robar Michelin masu tayar mota suke yin nasu. Ban gaya maka wanda na saya ba da gangan, don na san halinka, gobe sai in gan ka da irinsa a hoto.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne takalmi ta ciki yake fara mutuwa. Tafin yana nan da zanensa, sama ba yagewa, amma soson tsakiya ya riga ya kwanta, ba ya tashi. Jiki magayi: za ka fara jin diddige yana suka da safe, takun farko in ka sauko daga gado, ko gwiwa ta riƙa ƙorafi bayan wasa. An saba cewa bayan awa 45 zuwa 60 na wasa a canza. Ni da nake yin awa uku a sati, wajen wata uku da rabi zuwa huɗu da rabi ke nan. Ban ce zan bi wannan lissafi sau da ƙafa ba, aljihu ma yana da nasa ra’ayin. Abin da nake yi, nakan ɗora su a kan tebur in duba ta baya. In ɗaya ya karkata, ko soson ya yi tamoji kamar goshin tsoho, to ya gama aiki. Kuma yanzu a jaka suke zuwa fili, a jaka suke komawa. Ba na zuwa ko’ina da su.

Dogon ya nemi a sake karawa ranar Asabar mai zuwa. Na ce masa sai na duba lokacina. Bari ya ɗan ji yadda abin yake.

Yanzu na koma na sake karanta saƙonka, ashe raket ka tambaye ni, ba takalmi ba. To, wannan sai wata wasiƙar, hannuna ya gaji. Ka dai aiko mini da hoton abin da kake shirin sawa a ƙafa kafin ka taka fili. Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan auta, ka ce masa ban manta da alkawarin ƙwallonsa ba.

Naka,
mai ɗingishin da ya warke