Wasiƙa ga Edita: Da safe muna wod, da dare muna tsaron shagon mutane

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar nan taku in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina. Ni ɗalibi ne a wata makarantar koyon aikin jinya a nan Kano, ina shekara ta biyu, sannan ina tsaron kemis ɗin wani bawan Allah a unguwarmu daga bayan la'asar zuwa sha ɗayan dare. Bazan faɗi sunan makarantar ba, ba rigima nazo yi da kowa ba, kuma kaima kasan har yanzu wuyana yana hannunsu.

Ranar da aka yi mana jawabin maraba wata malama ta tashi ta ce mana karatun nas ba irin sauran karatu bane, duk mai wata sana'a ya ajiye ta a bakin get, taura biyu bata taunuwa. Muka ce to. Wallahi a layin da nake zaune kaɗai mu huɗu ne masu aiki, ɗaya yana POS a bakin kasuwa, ɗaya yana koyarwa a Islamiyyar dare, ɗayar kuma matar aure ce mai goyo tana saida turaren wuta da humra a WhatsApp, duk muka sunkuyar da kai kaman ba damu ake ba. Tun daga ranar ake wannan wasan ɓuyan, makaranta ta yi kaman bata san muna aiki ba, mu kuma mu yi kaman bama yi.

Kuma fa malamar bata yi ƙarya ba, wannan dole in faɗa. Wanda bai shiga ba gani yake ai allura ce kawai da ɗaura ruwa. Wata shida na farko, wanda ake cewa PTS, nan ake tankaɗe da rairaya, a ɗura maka sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da yadda zuciya da ƙoda suke aiki, ka faɗi jarabawar a sallame ka ko da baka taɓa saka farin yunifom ba. Ka tsallake nan sai fostin, a kaika wod ka yi makonni, ɓangaren maza, na mata, na yara, imajansi, tiyata, a kaika asibitin masu taɓin hankali, a kaika ƙauye. A fostin kuma babu zancen ka tashi sha biyu, shif kake yi kaman ma'aikaci, na safe, na yamma, wani lokacin har na dare, ga ɗan littafin nan da sai sista ta gani da idonta ka yi aiki sannan ta saka maka hannu. A ƙarshe ka yi jarabawar gama makaranta sannan ka fuskanci ta kansul, wato Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ake yi a watan Mayu da Nuwamba, rabi a kwamfuta rabi kuma a tsaye gaban mai duba ka ana buga maka ƙararrawa daga wannan tebur zuwa wancan. Duk wannan gaskiya ne, karatun yana son mutum gaba ɗayansa.

To amma Malam Edita wa zai ciyar da mutumin?

Babanmu ya rasu ina aji biyar a sakandare, ni ne babba namiji, Hajiyarmu tana da hawan jini, ga ƙannena uku. Maigidana yana bani naira 35,000 a wata, rabin mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta saka a 2024 kenan, wato 70,000, kuma ban raina ba, Allah ya saka masa, dan shi ne ma ya yarda in dinga zuwa da la'asar maimakon safe. A ciki nake kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000. A ciki nake handaut, data, sabulun wankin yunifom (farin kaya a ƙurar Kano, hmm, kullum sai wanki da guga), safar hannu idan ta yanke a wod, maganin Hajiya. Kuɗin rajista kuwa sai an haɗa da adashi da kawu. Wanda ya ce in ajiye aikin nan ya faɗa min kawai in ajiye karatun, dan ɗaya ne yake ɗauke da ɗayan.

Bari in baka labarin abunda yasa na ɗauki waya nake wannan rubutun. Watannin baya ina fostin a wod ɗin maza, satin ina shif ɗin safe. Daren Laraba kaya suka iso daga Dangwauro, tunda can aka maida 'yan magani daga Sabon Gari, maigida yace sai mun ƙirga mun jera kafin mu rufe, bamu gama ba sai wajen ɗaya saura. Na je gida na buɗe littafi dan muna da tes ranar Juma'a, ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, kiran assalatu ya tashe ni. Ƙarfe takwas ina wod, sista ta bani aikin awon safe, zafin jiki, bugun zuciya, numfashi, hawan jini, gado bayan gado. Na auna wani dattijo jininsa ya hau sosai, na juya na ɗauki folda na rubuta, ashe foldar na gadon kusa da shi na ɗauka, wani saurayi da aka yi wa aikin kaba. Shi kuma dattijon na rubuta masa na saurayin, lafiya lau. Allah ya taimake ni sistar nan irin tsofaffin hannun nan ce da basa yarda da takarda sai sun kalli mutum, ta duba foldar ta dubi dattijon tace kai ɗalibi zo nan, sake auna min Baba a gabana. Na sake. Ta kalle ni kawai.

Bata yi min ihu a gaban mutane ba. Ta ja ni ofis tace ɗana jiya ƙarfe nawa ka kwanta, na faɗa mata gaskiya, ta yi shiru sannan tace ka san da likita ya zo zagaye ya ga wannan foldar da Baba ya wuni babu maganinsa? Na sani. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Kuskurena ne, ban ɗora wa kowa ba, amma kuskuren barci ne ba na jahilci ba, na iya awon nan ko cikin duhu. Kuma na tabbata ba ni kaɗai bane nake shiga wod da ido jajir ina taunar goro ko na kurɓi Nescafe a tsaye a wajen mai shayi.

Akwai wata jarabawar kuma da ba a rubuta ta a takarda, ita ce ta shago. Tunda 'yan unguwa suka ganni da farin kaya na zama likita. Mata su zo da yaro jiki zafi rau su ce likita a yi masa allura, ka ce a kai shi asibiti a gwada jini su ce kai kuma meye amfanin karatun naka, su tsallaka shagon gaba a yi musu. Mai kemis irin namu doka bata bashi damar yin allura ko ɗaura ruwa ba, ni kuma ɗalibi bani da lasin, amma kuɗin yana wajen allurar, kowa ya sani. Wasu 'yan ajinmu suna kwana a ƙananan asibitocin kuɗi, a bar musu wod su kaɗai da dare ana biyansu abunda bai kai ya kawo ba sabida masu asibitin basa son ɗaukan nas mai lasin. Ranar da wani abu ya faru mai asibiti zai zame, ɗalibin ne zai rasa karatunsa. Ban ga laifinsu ba sosai, yunwa ce, amma abun tsoro ne.

Abunda yake bani mamaki, ƙasar nan tana kukan rashin nas. A farkon 2024 magatakardan kansul na lokacin, Faruk Abubakar, ya faɗa da bakinsa cewa nas 42,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai, har kansul ta fito da dokar sai ka yi aikin shekara biyu kafin a tantance maka takardu zuwa waje, aka yi ta zanga-zanga a Abuja da Legas. A 2024 ɗin kuma ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar an ƙara guraben ɗaukan ɗaliban jinya da sauran fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Madalla, mun gode. Amma waɗannan dubban da aka ƙara 'ya'yan wa ne? Ai ba 'ya'yan masu kuɗi bane, nasu suna Masar da Indiya suna karatun likita. 'Ya'yan talakawa ne irina da suka ga aikin nas a matsayin hanyar da zata fitar da gidansu. An buɗe ƙofar an bar mu da kuɗin mota.

Tsofaffin nas suna bamu labari a wod cewa a zamaninsu ɗalibi alawus ake bashi duk wata, ga abinci ga ɗakin kwana, har wasu suna aika wa iyayensu. Dalilin kuwa a fili yake, ɗalibin jinya aiki yake yi. Je ka kowane babban asibitin gwamnati da safe ka ƙirga masu gyaran gado, masu awo, masu dresin, masu tura mara lafiya zuwa ɗakin hoto, ka ga nawa ne ɗalibai a ciki. Ranar da muka koma aji sistoci da kansu suke cewa sun ji jiki. Ban ce a biya mu albashi ba, koyo muke, amma ko kuɗin mota da na abincin rana a watannin fostin ai bai yi yawa ba. Bashin karatu na NELFUND da yake bada naira 20,000 a wata shima taimako ne ga wanda ya samu, sai dai lissafa kuɗin adaidaita na wata ɗaya daga Rijiyar Lemo zuwa cikin gari ka ga me zai rage.

Wanda ma baya cin ko sisi shi ne rosta. Dan girman Allah shugabannin makarantu a dinga fitar da jadawalin fostin da wuri, ko da sati uku ne kafin lokaci. Yanzu sai ranar Juma'a da yamma a turo a guruf cewa Litinin kana shif ɗin yamma, to ni in ce wa maigida me? Da na sani da wuri da na nemo ƙanina ya riƙe min shagon, ko in roƙi musanya da wani. A bar ɗalibai su yi musanyar shif a tsakaninsu a rubuce da sanin malami, maimakon wadda ake yi a ɓoye ana saka wa juna hannu a rajista, wadda ita ce ma mai haɗarin. Kuma a samu malami ɗaya da ɗalibi zai iya zuwa ya ce ina aiki kaza, ba tare da tsoron za a rubuta sunansa a cikin marasa mayar da hankali ba. Ma'aikatan gwamnati da suka zo ƙaro karatu an san da zamansu, suna da takardar izini, albashinsu na shiga. Mu masu aikin shago da POS mu ne kaman 'yan sumoga.

Ni dai tun ranar dattijon nan na je na zauna da maigida na ce masa Alhaji duk satin da nake shif ɗin safe ƙarfe tara zan tafi, a cire min a albashi, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski amma bazan kashe wani akan 35,000 ba. Ya yi ɗan ƙorafi sannan ya yarda, yana cire 5,000. Na daina kallon ƙwallo gaba ɗaya, na ɗauki muryata a waya ina karanta sunayen magunguna ina saurare a cikin adaidaita, littafin yana ƙarƙashin kanta ina leƙawa idan babu kwastoma. Sistar nan kuma har yau idan ta ganni a baranda abu na farko da take tambaya shi ne ƙarfe nawa na kwanta.

Bari in tsaya nan Malam Edita, huɗu ta kusa, Alhaji ya kira sau biyu kuma ban guge yunifom ɗin gobe ba. A gaida ma'aikata.

Naka,
Wani ɗalibin jinya daga Kano