Wasiƙa zuwa Zariya kan jerin makarantun 'yarmu

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya iyali, ya jikin Hajiya, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan St. Paul ta Amurka lafiya lau sai dai sanyi da ya fara leƙowa. Na ga jerin makarantun da 'yar tamu ta rubuto, na karanta har sau biyu, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya a WhatsApp, shi yasa na zauna na rubuto maka a tsanake.

Wallahi na ji daɗin sakamakon WAEC ɗinta, Allah ya ƙara basira. Amma jerin nan ya tayar min da hankali. Harvard, Yale, Stanford, Columbia, MIT, shikenan. Ba cewa nake kar ta nema ba, ta saka ɗaya ko biyu, rabo ai ba a san inda yake ba, sai dai kowacce a cikinsu in mutum ɗari sun nema ba ta ɗaukar biyar, kuma yawancin waɗanda ake mayarwa gida su ma zakarun makarantunsu ne. Ina tsoron watan Maris ya zo yarinya ta buɗe saƙo biyar duk a ce mata a yi haƙuri, shekara guda ta tafi a banza.

Akwai wasu ƙananan kwalejoji a ƙasar nan da mu a gida ba mu san su ba, su ake ce wa liberal arts. Kar sunan ya ruɗe ka, ba makarantun zane-zane ba ne, kuma kalmar kwaleji a nan ba irin ta FCE ba ce, cikakken digiri ne na shekara 4 daidai da na kowace jami'a. Ɗalibai ba su cika wuce dubu biyu zuwa uku ba, kusan kowa a cikin makaranta yake kwana, yawanci babu ɗaliban digiri na uku da za a tura su koyar a madadin malami, farfesan da kansa ke shiga aji. Yaro yana taɓa lissafi da tarihi da kimiyya da adabi, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ya tsayar da fannin da zai ƙware. A Williams da ke jihar Massachusetts har akwai darasin da ɗalibi biyu ne kawai da farfesa ɗaya, wannan satin ɗaya ya rubuto maƙala ɗayan ya yi mata suka, sati mai zuwa su yi musanya. Ka tuna yadda muke tsayuwa ta taga muna rubuta lacca saboda babu wurin zama? To ka kwatanta.

Da idona na ga amfanin abin. Babban yarona a irin wannan ƙaramar makaranta ya yi, ran da na kai masa ziyara a shekararsa ta farko muna tafe a harabar sai wata dattijuwar farfesa ta kira sunansa daga nesa, ta zo muka gaisa ta ce min ya yi fashin aji biyu a makon da ya wuce ta aika masa saƙo ta ji ko lafiya, ashe mura ce ta kwantar da shi, ni ubansa ban ma sani ba. Ita ce daga baya ta ɗauke shi aikin bincike a ɗakin gwaje-gwajenta lokacin hutu har ana biyansa. Yarinyar da za ta baro gida ta tsallako teku tana shekara 18, ni dai na fi so ta faɗa inda za a lura in ba ta zo ba.

Yanzu maganar kuɗi, don ita ce gaba da komai. Da yawansu kuɗin shekara da ɗaki da abinci ya haura dala dubu 80, babu wanda zai biya wannan da albashin naira. Amma suna da dukiyar ajiya mai yawa kuma suna ba da tallafi gwargwadon ƙarfin uba. Amherst da Bowdoin ba sa duba aljihun iyaye wajen ba da gurbi ko da ɗan wata ƙasa ne, in sun ɗauka kuma su cike abin da ya gaza. Irin su Grinnell da Macalester suna duba aljihun kafin su ɗauka, amma wanda ya samu shiga suna cike masa buƙatarsa. Berea a Kentucky kuwa tun 1892 ba ta karɓar kuɗin karatu, kowane ɗalibi dai zai yi aikin aƙalla awa 10 a sati a cikin makaranta, sai dai gurbin baƙi kaɗan ne ƙwarai. Don Allah in ka zo cike fom ɗin neman tallafin, wato CSS Profile, ka rubuta gaskiyar abin da kake samu, kar kunya ta sa ka ƙara, abin da ka rubuta da shi za su yi maka lissafin tallafin.

Sai wurin zama, wanda mutane ke mantawa. Grinnell makaranta ce mai kyau sosai amma a tsakiyar gonakin masara take a Iowa, ƙaramin gari ne, kusan tafiyar awa guda zuwa Des Moines. Yarona shekararsa ta farko ya sha wuya da kaɗaici, azumi ya zo yana sahur shi kaɗai da abincin da ya ajiye tun dare a cikin roba. Macalester kuma a nan cikin garinmu take, nan Kofi Annan ya gama a 1961, har yau tutar Majalisar Ɗinkin Duniya na kaɗawa a harabar, ga 'yan Somaliya maƙil a Minneapolis maƙwabciyarmu da masallatai da shagunan naman halal, ga mu kusa in ta yi kewar tuwo. Ba zan ɓoye maka ba, ita nake mata sha'awa. Na san kuma Maman yara hankalinta zai fi kwanciya da makarantun mata zalla, to ku duba Mount Holyoke da Smith da Wellesley da Bryn Mawr, Smith har injiniyanci suna yi. Ta rubuta wa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta kowace makaranta ta tambaye su Juma'a da abinci da azumi, yaran nan suna amsawa kuma ba sa ɓoye gaskiya.

Ka ce likita take son zama. A nan ba a fara likitanci daga sakandare, sai an gama digirin farko sannan a nemi makarantar likita, kuma kaɗan ne ke karɓar baƙi, tallafin ma da wuya. In likitancin ne ba fashi to ta riƙe JAMB da hannu biyu, ABU na nan a ƙofar gidanku. Ku zauna da ita ku ji ko ra'ayinta ne ko namu ne muka ɗora mata.

Common App, shafin da ake cike fom ɗaya a tura wa makarantu da yawa, na ba da damar makaranta 20, amma goma zuwa sha biyu sun isa, manya biyu, sauran ƙananan nan, wasu masu wuyar shiga wasu masu ɗan sauƙi. Early Decision, wato neman gurbi da wuri a makaranta ɗaya, yawanci ana rufewa a Nuwamba kuma alƙawari ne, in sun ɗauke ta dole can za ta, kar ta taɓa shi sai inda zuciyarta ta tsaya. Ku tuntuɓi EducationUSA, ofishin ba da shawara kan karatu a Amurka, a Abuja, kuma ku tambayi halin da bizar ɗalibai ke ciki kafin ku kashe ko sisi, don dokokin sai canzawa suke.

Ka ce mata ta turo min sabon jerin da maƙalarta kafin ƙarshen wata, ni da yayanta za mu duba ranar Lahadi in sha Allah. A gaida Hajiya da Maman yara da duk mutanen majalisa.

Naka har kullum,
abokinka na St. Paul