Godiya ga wata ƙaramar makarantar lesin a Ringim

Assalamu alaikum.

Ni malamin allo ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Taura, kuma rubuta wasiƙa a bainar jama'a ba ɗabi'ata ba ce. Amma abin da kuka yi wa 'yata, in na yi shiru ban kyauta ba.

Sau biyu yarinyar nan tana zana WAEC, sau biyu Turanci yana kayar da ita, alhali har lissafi ta samu kiredit. Burinta makarantar jinya da ungozoma ta Birnin Kudu, can kuwa in babu kiredit a Turanci ko fom ba a magana. Inda take tuntuɓe shi ne wurin manyan kalmomin nan, da za a ja wa kalma layi a ce nemo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko kishiyarta. Bara na kai ta wani wuri, ba zan kama suna ba. Riɗi na sayar a kasuwar Gujungu na biya kuɗin. Abin da suka miƙa mata takardun fotokwafi ne, kalmomi a jere kamar sunayen masu jiran taki, aka ce ta haddace. Ta haddace kuwa, bayan sati biyu ko kalma goma ba ta iya kawowa. Da na je jin ba'asi, mai wurin ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba, ya ce ai yaran ƙauye haka kansu yake. Na haɗiye maganar, na hau babur na dawo gida.

Da wannan zuciyar na zo wurinku, na shirya wa wulaƙanci. Sai malamar Turanci ta tashi ta ba ni kujerarta, ta ce, "Baba, sannu da hanya." Da ta ji sana'ata ta ce, "To Baba, ku yaya kuke yi almajiri ya riƙe hadda?" Na ce tishi mana, ba a wanke allo sai karatu ya zauna, wanda aka wanke kuma ba a barinsa, ana komawa kansa a tilawa. Ta yi dariya ta ce shi ke nan, ita ma abin da za ta yi ke nan.

Ta sa yarinyar ta yayyanka kwali ƙanana, kalma a gaba, a baya kuma jumlar da ita da kanta ta ƙirƙira da kalmar. Gwangwanin madara uku: na farko a duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku ranar Juma'a kawai. Kalmar da ta zauna ta ci gaba zuwa gwangwani na gaba, wadda ta kuɓuce ta koma na farko ko da ta kai na uku. Malama ta ce wani Bajamushe, Leitner, shi ya fito da tsarin a 1972, kafin shi kuma Ebbinghaus tun 1885 ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a ranar farko. A raina na ce gwanayen tsangayarmu ba su je Jamus ba, amma ban faɗa mata ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne asalin kalma. Wata rana bayan la'asar yarinyar ta ɗauko robar maganin feshi daga zaure ta nuna min herbicide, ta ce wutsiyar nan "cide" kisa take nufi, shi ya sa ake da pesticide da suicide. Ta ce "bene" a Latin alheri ne, "mal" kuma sharri, don haka benevolent da malevolent kishiyoyi ne, malaria ma asalinta mugun iska. Na ce ashe sarfu ne! Kamar yadda a Larabci kataba ya haifi katibi da kitabi da maktaba. Shekara shida tana sakandare ba wanda ya taɓa buɗe mata wannan ƙofar.

Wannan fa shi ke damuna. A ƙauyukanmu yaro sai ya gama aji shida bai taɓa riƙe ƙamus a hannunsa ba, sannan a zaunar da shi gaban kwamfuta a JAMB, tambayoyi 60 na Turanci suna jiransa. In ya faɗi a ce daƙiƙi ne. Masu buɗe wuraren lesin da yawa kuwa lokacin jarrabawa kakarsu ce, allon talla babba, ciki fanko. Wasu ma ba kunya suke ce wa uba ya ƙara kuɗi a "taimaka" wa yaro a ɗakin jarrabawa. Ku ko sau ɗaya ban ji wannan a bakinku ba.

Sakamako ya fito, ta samu kiredit ɗinta. Allah ya saka wa malama da alheri, ya jiƙan mahaifa, ya buɗa wa makarantarku. Gwangwanayen yanzu suna hannun ƙaninta, uwarsu kuma har yau tana cigiyar wanda take awon gishiri da shi.

Naku,
Wani malamin allo daga yankin Taura